Akwatin Mahdist Ansar na Perry Miniatures, ya cancanci kudinsa

Duk mai son hada rundunar Daular Sakkwato ta 1903 a kan tebur don wasan yaki ya san wahalar samun 'yan sojojin roba da suka dace, shi ya sa nake yaba akwatin nan. Kamfanin na tagwaye ne, Alan da Michael Perry a Ingila, asali dakarun Mahadi na Sudan suka sassaka, 1881 zuwa 1885, guda 40 masu tsawon milimita 28, kai daban hannu daban, ga masu ga takubba ga garkuwa. Robar tauri ce amma tana yankuwa da reza kuma gam na kama ta sosai.

Ni kawunan Beja (wata kabila a gabashin Sudan) masu tulin gashi nake ajiyewa gefe, in dauki masu hula, sai in murza Green Stuff, wato dankon nan shudi da rawaya da ke komawa kore, in nada musu rawani in fadada rigar ta zama babbar riga. Ka jika yatsa tukuna in ba haka ba ya manne maka.

Abin da ya rage min dadi babu doki ko daya, ga shi kuwa karfin yakinmu mahayan lifidi ne, dole ka nemo su wani wuri. Baka da kwari ma da kanka za ka yi da siririyar waya.