Hattara da mai tallar "barken gora" a guruf-guruf ɗin Jidda

Jama'a, assalamu alaikum. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta wannan, don babu daɗi magidanci ya fito ya ce an yi masa wayo. Jiya ne na sake ganin tallar mutumin da ke sayar da barken gora, wato katakon gora da ake shimfiɗawa a ƙasan ɗaki, a wani guruf na WhatsApp, ya canza suna amma hotunan su ne, shi ya sa na ce shirun ya isa.

Tun da aka fara rusau a ƙarshen 2021, aka tashi unguwannin Gulel da Karantina da Sabil a Jidda, da yawanmu muka koma sababbin gidaje, kowa yana son ya ɗan gyara inda ya sauka. Ni tayil ɗin falona ne ya tsufa, uwargida kuma ta ƙwallafa rai a kan barke. Mutumin ya zo har gida, yana Hausa tsaf, yana Alhaji kaza Alhaji kaza. Ya fito da guntun katako mai nauyi, ya jefa a bokitin ruwa, bayan minti 5 ya ciro ya goge. "Ka gani Alhaji? Gora ce, a bakin ruwa take fitowa, laimar Jidda ba ta yi mata komai." Muka yi ciniki riyal 90 kowace mita, falo da ɗaki ɗaya mita 42. Ya karɓi rabin kuɗin a matsayin arbun, wato kafin alƙalami, ya ce in ban damu da fatura, wato rasiɗi, ba zai sauke mini harajin VAT na kashi 15 ɗin nan. Kwaɗayin wannan ragin ne ya kai ni ya baro.

A watan Janairu aka yi aikin. Kwalaye suka iso da hantsi, kafin magariba yaransa sun gama sun tafi. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, har baƙi suna tambaya. Da aka ba yara hutu muka tafi Kano, muka kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, muka rufe gida. Ranar da muka dawo a ƙarshen Agusta sai da na sa kafaɗa kafin ƙofar falo ta buɗe. Tsakiyar ɗakin ta yi tudu kamar an binne wani abu a ƙasa, bakin kowane katako ya kumbura ya ɗago. Na kira lambarsa, a kashe. Takardar "garantin shekara 10" da ya ba ni kuwa rubutun hannu ce, ba hatimi, ba lambar sijil, wato rajistar kasuwanci.

Wani dattijon kafinta da muke salla tare ya zo ya sa zarto ya yanka ɗaya, ya miƙo mini bakin yankan. Garin katako ne da aka matse, aka manna masa hoton gora a sama, siriri kamar takarda. Ya jera mini guda huɗu, sai ga gaɓar gorar iri ɗaya sak a wuri ɗaya a kan kowanne. Samfurin da aka tsoma a bokiti na gaske ne, abin da ke cikin kwalayen ne daban. Gorar gaske in ka duba bakinta za ka ga tsirara-tsiraran da aka haɗa da gam da ɗige-ɗigen jijiyoyinta, ko kuma zare-zare a matse, da nauyin da hannu zai ji.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ko da ta gasken ya kawo, da irin aikin da ya yi sai ta tashi. Galibin barken gora daga Sin yake zuwa, daga irin da ake kira Moso, wadda ake sara tana shekara 5 zuwa 6, a busar a matse. Duk da haka tana shan laima ta kumbura, in iska ta bushe ta tsuke, kamar ƙofar katako da ke cijewa da damina ta saki da hunturu. Masu yin ta suna so laimar ɗaki ta tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60, alhali a Jidda, gidan da aka rufe ba mukayyif a Agusta da Satumba yana wuce haka nesa. Shi ya sa ake buɗe kwalayen a bar su a ɗakin aƙalla kwana 3, mai matsattsen zaren ma fiye da haka, a shimfiɗa leda mai kauri in a kan siminti ne, sannan a bar tazarar kamar milimita 10 zuwa 12 a jikin kowane bango, na'ala, wato katakon da ake bi da gindin bango, ta rufe ta. Nawa manne shi aka yi da bango ƙam, da ya kumbura bai da inda zai je sai sama. Minti 5 a bokiti ba gwaji ba ne, laima a hankali take shiga, sati bayan sati. Mutumin ya san haka sarai, shi ya sa yake cin kasuwarsa da sanyi, kafin zafi ya tona asiri ya canza layi.

Akwai lambar Ma'aikatar Kasuwanci ta 1900 da manhajar Balagh Tijari don irin wannan, amma ƙorafi yana son fatura da sunan shago mai rajista, ni kuwa da hannuna na yafe su. Na kuma lura ya fi bin gidajen waɗanda yake zaton igamarsu, wato takardar izinin zama, na da matsala, don ya san ba za su so zuwa ko'ina da magana ba.

In ya zo muku, ku nemi lambar sijil ku duba ta, ku ce sai fatura mai lambar QR, kada kuma ku cika kuɗi sai an buɗe kwali a gabanku an yanka katako ɗaya kun gwada shi da samfurin. Na ajiye guda biyu daga cikin nawa a bayan mota, wanda muka haɗu ran Juma'a ya tuna mini in nuna masa.