Rigar Patagonia ko ta Fjällräven: wacce ta fi sauƙin illa ga muhalli a ƙasar Daura?

Malam, ka ce aikin duba gonaki yana kai ka ƙauyukan Daura da Mai'aduwa a kan babur, kuma ka ci karo da riguna biyu a gwanjo: ta Patagonia mai laushi kamar bargo, da ta Fjällräven mai ƙarfin yadi. Kana son sanin wacce ce ba ta cutar da muhalli. Kowacce da nata aibin, amma don aikinka ta biyun muke ganin ta fi.

Patagonia kamfanin Amurka ne da aka kafa a 1973. Tun 1993 suka fara narka gorunan roba na ruwa da lemo suna mayar da su zaren foliyesta, da shi ake saƙa irin wannan riga. A 1996 kuma suka daina amfani da audugar da aka yi wa feshin magani. Wannan ƙoƙari ne na gaske, kuma wanda ya ga yadda roba ke toshe kwatoci a Katsina da damina ba zai raina shi ba. Sai dai roba tana nan a robarta. Duk wankin da aka yi wa rigar, ƙananan zare da ido ba ya gani suna bin ruwan wanki, kuma ba sa ruɓewa. Tana riƙe ɗumi da asubar hunturu, amma iskar babur ratsa ta take yi. Ƙarangiya kuwa in ta kama ta, sai ka zauna kana tsinta ɗaya bayan ɗaya. In tartsatsin wutar jin ɗumi ya faɗa mata, nan take wurin ya narke ya bar rami mai ƙeƙasasshen baki, wanda allura ba ta kamawa da kyau.

Fjällräven na ƙasar Suwidin ne, tun 1960. Yadinsu da suke kira G-1000 kashi 65 foliyesta ne, kashi 35 auduga, an saƙa shi a matse, shi ya sa ƙura da iska ba sa shiga, ƙaya ba ta cika riƙe shi ba. Babban abin yabonsa shi ne yadda yake tare ruwa. Rigunan ruwa da yawa an shafe su da sinadaran PFAS, waɗanda ke daɗewa a ƙasa da ruwa da jikin mutum ba su lalace ba. Wannan yadi kuwa kaki ake shafa masa, haɗin kakin zuma da irin wanda ake kyandir da shi, kuma kai ne za ka riƙa sabuntawa.

Ga yadda ake yi. A wanke rigar ta bushe sarai, domin kaki a kan datti yana manne dattin ne. A goga dunƙulen kakin sama-sama a kafaɗu, ƙirji da hannuwa, sannan a bi da dutsen guga mai matsakaicin zafi har farin ya nitse cikin yadin. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda yakan bar tabo ya sa rigar ta sandare. Kada a shafa hammata da baya, nan gumi ke fita. Masu dutsen guga na gawayi su yi hattara, zafinsa na iya ƙona foliyestar. In zafin Afrilu ya zo, wanki biyu ko uku da ruwan ɗumi yana fitar da kakin, iska ta riƙa shiga.

Aibin rigar Fjällräven biyu ne. Yayyafi take tarewa, ruwan Agusta zai shige ta wajen ɗinki. Sannan yadin da aka gauraya auduga da roba yana da wuyar sake sarrafawa in ya ƙare, gara ta Patagonia a wannan fannin. Amma rigar da telan unguwa zai iya yi wa faci da keken ɗinki tana shekaru a jikinka kafin ta kai bola, kuma sayen gwanjo ba ya sa a ƙera sabuwa.

Kafin ka biya, duba takardar ciki ka ga an rubuta G-1000, don jabu sun yi yawa. Ja zif sama da ƙasa sau uku, ka ɗaga gwiwar hannu a rana ka ga ko yadin ya fara sirancewa.