GARGAƊI: Mai "maganin ƙoda" na Facebook ya cinye min ₦280,000, saura ƙiris mu rasa Mama

Kwana tara ke nan ina rubuta wannan abu ina gogewa. Kunya ce ta hana ni. Amma jiya da daddare tallar mutumin nan mai cewa yana warkar da ciwon ƙoda ta sake wucewa ta gabana, da sabon suna, da farar rigar nan tasa, mutane a ƙasa suna ta tambayar "Dakta nawa ne?" Sai na ji idan na yi shiru da ni za a haɗa baki.

Naira dubu ɗari biyu da tamanin. ₦185,000 na farko, ₦95,000 na biyu. Ban ma sa dubu bakwai da na ba direba a tasha ba. ₦280,000 a kan jarka biyu da ƙullin gari uku.

Kafin wani ya zo yana min wa'azi a kan jahilci, ya sani ni malamin makaranta ne, kimiyyar halittu nake koyarwa a sakandare. Da hannuna nake zana ƙoda a allo, kamar ƙwayar wake. Ni nake faɗa wa yara cewa kowace ƙoda tana da 'yan matatu kusan miliyan ɗaya, kullum matatun ƙodojin biyu suna tace ruwa wajen lita 180 daga jini, jiki ya janye kusan duka, abin da ya rage, lita ɗaya da rabi ko biyu, ya gangara ta bututu biyu zuwa mafitsara ya zama fitsari. Ni nake faɗa musu ita ke daidaita gishiri da ruwa, tana da hannu a hawan jini, ita ke aika wa ɓargo saƙo ya ƙera jini. Kuma matatar da ta mutu ta zama tabo ba ta sake tsirowa. Na sa wannan a jarrabawa, na ba yaro sifiri a kai. Duk da haka na tura kuɗin. Sau biyu.

Mama ta fi shekara goma da hawan jini, ga suga. Sai ƙafa ta fara kumbura, fuska da safe ta yi suntum, fitsari yana kumfa kamar an zuba omo, ga ƙaiƙayi, ga amai. Da aka yi gwaji kiriyatinin ɗinta, wato wani datti da ƙoda ke fitarwa daga jini, ya haura 900, abin da a mai lafiya da wuya ya wuce ɗari da 'yan kai. Hoton ciki ya nuna duka biyun sun tsuke. Aka sa mata roba a wuya aka fara wankin ƙoda, awa huɗu a kan inji. Sau uku aka ce a mako, biyu muka iya. Ga allurar ƙara jini, ga gwaji, ga mota. Wanda bai taɓa zama a bakin ɗakin wankin nan yana lissafi da yatsu ba, don Allah ya adana shawararsa.

Wata ranar Talata ce, ko Laraba, a'a Talata, don ranar wanki ce. Mun dawo gida jikinta duk ya saki, ta kalle ni ta ce, "Ku bar ni haka nan, na ga kun gaji." A daren na ga bidiyonsa. Na ajiye saƙo kawai, ban yi zaton zai amsa ba. Minti goma bai cika ba ya kira ni, da katinsa.

Wannan kiran shi nake ta juyawa a kaina. Bai fara da kuɗi ba. Ya ce, "Malam, kiriyatinin ɗinta nawa ne? Fitsari yana fita ko ya tsaya? Da safe fuska tana kumbura?" Tambayoyin likita sak. Na karanta masa takardar gwaji, ya yi shiru, ya yi salati, sannan ya ce, "Malam, Mama ai uwata ce. Kada ka turo min ko sisi sai ka yi istihara." Sai ka yi istihara! Wane ɗan damfara ne zai ce ka je ka yi istihara? Abin da na tambayi kaina ke nan a daren, kuma shi na faɗa wa Yaya da ya nuna shakku. Na ce mutumin nan bai ma nemi kuɗi ba. Bai nema ba, ni na roƙe shi lambar asusu bayan kwana biyu.

Sunan mace ne ya fito a asusun. Na tambaya, ya ce maiɗakinsa ce. Na yarda. ₦185,000. A ciki har da kuɗin adashena da ɗan kunnen gwal na ƙanwata.

Kuma na yi bincike, kada a ce ban yi ba. Na nemi lambar NAFDAC, hukumar da ke yi wa magunguna rajista, ya turo hoton kwalba da lamba a jiki. Na kalli shaidun mutane sun fi ashirin. Sai daga baya wani mai kemis a unguwarmu ya fahimtar da ni cewa ko lambar ta gaskiya ce, a maganin gargajiya ba shaidar warkarwa ba ce, balle jarkar da ta iso gare ni ko takarda babu a jikinta. Su kuma masu shaidar, in ma da na gaske a cikinsu, na san yadda abin yake: akwai ƙodar da ke tsayawa farat ɗaya saboda amai da gudawa, ko zubar jini wajen haihuwa, ko zazzaɓi mai tsanani, irin wannan takan farfaɗo bayan an yi wanki 'yan lokuta. Ta Mama ba irinta ba ce, shekaru ta yi tana lalacewa a hankali. Na san bambancin. Wallahi na sani.

Na tsallake wani abu. Kafin kayan su iso ya ba ni sharaɗi: a dakatar da wanki, wai injin yana wanke maganin daga jini. Ta riƙa shan ruwa lita uku a rana don a "kuskure" ƙodar, a haɗa mata da ruwan kwakwa da ayaba da dabino. Alhali nas ɗin ɗakin wanki ta ja mana kunne a kan ruwa, har kofi ta nuna mana, ta kuma hana ainihin waɗannan abubuwan saboda fotasiyam, sinadarin da ke taruwa a jini idan ƙoda ta kasa fitar da shi. Na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce, "Malam, su ai kasuwancinsu ne, in ta warke wa zai biya kuɗin inji?" Maganar ta shige ni, don a lokacin ina jin haushin kuɗin da muke kashewa.

Kwana huɗun farko fitsari ya ƙaru. Ƙafa ta saɓe. Ciwon jiki ya tafi, Mama har ta zauna a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Na yi kuka ranar. Na ɗauki waya na yi masa saƙon murya na minti biyu ina sa masa albarka. A nan ya ce a shiga mataki na biyu kafin ciwon ya juyo, ₦95,000. Ko minti ashirin ban yi ba na tura. Na farko an ce tsautsayi, na biyun fa? ₦95,000, ina murna ina turawa.

Kwana na goma sha ɗaya, wajen ƙarfe biyun dare, ƙanwata ta buga min ƙofa. Mama a zaune ta dafa gwiwa, ba ta iya kwanciya, numfashi yana fita da ƙara kamar ana hura ruwa da tsinke. Na kira shi sau shida a hanya. Na farko ya shiga, sauran a kashe. A asibiti aka ce ruwa ya taru a huhu, fotasiyam ya kai 7.1, abin da ya kamata ya tsaya tsakanin 3.5 da 5, kuma idan ya hau haka zuciya yake tsayarwa ba sallama. Likitan ya dube ni ya ce, "Malam, wanki nawa ta tsallake? Me kuka ba ta?" Ban taɓa jin ƙasa ta tsage in shige irin na wannan lokacin ba. Da safe na kawo jarkar. Ya ɗaga ta a haske, ga wani farin gari kwance a ƙasa. Ya ce abin da suka saba gani shi ne a daka ƙwayar sa fitsari da maganin ciwon jiki irin su diclofenac a zuba a jiƙo. Ɗaya ya sa ka ga fitsari ka ce an warke, ɗayan ya kashe zafi yana ƙarasa ɗan abin da ya rage na ƙodar. Fitsari mai yawa ba shi ne tacewa ba. Wannan ma ina koyar da shi.

Yanzu fitsarin Mama bai cika ƙaramin kofi a yini ba. Da tana yi. Wanki ya koma sau uku dole.

Shi kuwa ya toshe ni ko'ina, ya ɓace ɓat, sai jiya da na gan shi da sabon suna. Kun san abin da ya hana ni barci? A cikin sabuwar tallar akwai muryar wani mutum yana kuka yana cewa "Dakta Allah ya saka da alheri, Mama ta tashi." Muryata ce. Saƙon nan na minti biyu. Da ni yake farautar wasu yanzu. Allah ya isa, ban yafe ba, ₦280,000 da muryata.

Na kai ƙara wajen 'yan sanda, na je banki, an ce in jira. Hotunan hirarmu, da rasit biyu na tura kuɗi, da hoton jarkar, duk suna nan, zan ɗora su da zarar na rufe lambobin 'yan gidanmu. Wanda ya ce ƙarya nake ya jira ya gani.

Duk wanda ya ce ku daina wanki, ku kashe wayar. Kada ku ba mai ciwon ƙoda jiƙon da ba ku san abin da ke ciki ba. Mai hawan jini ko suga ya je a gwada masa fitsari da jini tun ƙafa ba ta kumbura ba.

Gobe ƙarfe bakwai muna da wanki. Mama har yanzu ba ta san nawa na tura ba, jiya ma tana tambayar ƙanwata ina ɗan kunnenta, ta ce mata yana wajen gyara.