Wasiƙa daga Faris: matasan kilarinet ɗin da ka tambaya

Yaya, ina gaisuwa. Ka ce in aiko maka da 'yan matasan nan da ke ƙarƙashin maɓallan kilarinet, abin busar nan na Turawa, masu toshe huda. Na shiga Rue de Rome, titin masu sayar da kayan kiɗa da masu gyaransu a Faris, ashe ba iri ɗaya ba ne.

Wanda ya fi yawa shi ne na tantani. Suna kiransa fatar kifi, amma babu ruwansa da kifi, tantanin hanjin shanu ne aka rufa a kan dunƙulen ulu da kwali. Yana toshewa tsaf, sai dai danshin numfashi na cinye shi, ya tsage ko ya kumbura. Shi ya sa masu gyara a nan suke son sa na kwak, ɓawon itacen nan da ake toshe kwalba da shi, a gaɓar sama inda ruwa ke taruwa, musamman maɓallin babban yatsa. Kwak ba ya jin ruwa, amma ba shi da afuwa: in bakin hudar bai daidaita ba, iska za ta riƙa zurarewa. Yana kuma ɗan ƙwas-ƙwas in ya sauka.

Da na je Jamus, sai na tarar fata suka fi riƙo da ita a kilarinet ɗinsu na tsarin Oehler, wato irin jerin maɓallai na Jamusawa. Tsohuwar hanya ce, tun wajen 1812 da wani mai busa kilarinet, Iwan Müller, ya fito da matashin fata mai cike da ulu. Tana da laushi, ba ta hayaniya. Akwai kuma na zamani, irin Valentino na Amurka, da masu rufin Gore-Tex, yadin nan da ruwa ba ya ratsawa, da kamfanin ƙera kilarinet na Buffet Crampon ke sa wa wasu manyan kayansa.

Abin da ya fi burge ni aikin hannun ne. Mai gyara zai ɗumama kofin maɓallin, inda matashin ke zama, har danƙon da ke ciki ya narke, ya zaunar da matashin, sannan ya zura siririyar takardar sigari ta kowane gefe yana ja, yana jin inda bai kama ba. Ni da na gwada a ɗaki, sai na ƙona guda biyu.

Don haka na haɗa maka kwak na sama, fata na manyan hudoji huɗu na ƙasa. Ka auna faɗin kofunan da milimita ka turo min kafin in rufe ƙunshin.