Allon Rada na AWR1843BOOST: Ya Dace da Ɗaukar Hoton Abu Mai Motsi?

Wannan allon rada na kamfanin Texas Instruments, mai aika igiyar rediyo ya karɓi wadda ta dawo daga jikin abu, yana aiki tsakanin gigahaz 76 da 81, da eriya 3 na aikawa da 4 na karɓa. Idan aka buɗe faɗin zangonsa har gigahaz 4, yana iya bambance abubuwa biyu da ke da tazarar santimita 3.75. Wajen auna nisa kam, ba shi da laifi.

Amma mai saye ya sani, allon ba ya gyara dishin da motsi ke jawo wa hoto da kansa. Sai an haɗa shi da katin DCA1000EVM, a kwashe ɗanyen bayanai zuwa kwamfuta, a yi gyaran a can. Tsawon igiyarsa bai kai milimita 4 ba, don haka ko milimita 1 motar da ake ɗaukar hotonta ta gusa ba a lissafa ba, zubin igiyar da ta dawo (wato matakin da take a zagayenta) zai karkace da kusan digiri 185, hoto ya dame kamar an shafa masa hannu.

Wajen gyaran, da farko a daidaita layukan nisa, kowane bugun sigina da radar ta aika da na kusa da shi. Sannan a gyara zubin igiya. Dabarar PGA, mai gano kuskuren zubi daga ɗigogi masu haske a hoton, tana da sauri, sai dai tana neman wuri mai ƙarfin maido da sigina, irin kusurwar ƙarfe. Idan babu, gara dabarar rage entirofi (ma'aunin watsuwar hoto), duk da cin lokacinta.

Kada a tara bayanai fiye da kima. Juyawar motar da digiri 3 a gaban radar ta isa, in ta zarce haka sosai ɗigo a jikinta zai tsallaka layin nisansa, gyaran zubi kuma ba ya maganin wannan.