Rami, Tsibi ko Duro: Wanne Ya Dace da Mai Son Haɗa Taki a Gida?

Ƙasar wurare da yawa a Kano da Katsina da Maraɗi rairayi ce wadda ba ta riƙe ruwa, kuma takin zamani irin NPK ko yuriya shuka kawai yake ciyarwa, ba ya gyara jikin ƙasar. Takin da aka ruɓar daga sharar gida da kashin dabbobi shi ne ke wannan gyara. Kafin mai lambun bayan gida ya kashe ko sisi, ya kamata ya duba abu biyu, wato yawan ruwan da zai iya ba takin da kuma filin da yake da shi, domin su ne za su nuna masa inda ya dace ya tara shi.

Rami shi ne mafi araha, tunda kuɗin haƙa kawai yake ci. Amfaninsa yana fitowa ne da rani da lokacin hunturu, sa'ad da iska ke busar da komai cikin 'yan kwanaki, domin bangon ramin yana tsare danshi. Kada zurfinsa ya wuce mita 1, gara ma ya tsaya a rabin haka, saboda juya taki a rami mai zurfi aiki ne mai karya ƙugu, kuma takin da ba a juyawa iska ba ta shigarsa. Aibinsa babba yana zuwa ne a watan Agusta: ruwa ya kwanta a ciki, takin ya koma caɓi mai ɗoyi, sauro kuma ya sami mazauni. Gidan da ke da ƙananan yara ma sai an rufe bakin ramin.

Tsibi a bisa ƙasa ya fi dacewa da damina da kuma wanda ke da rijiya ko famfo a kusa. Sai dai yana bukatar girma, kimanin mita 1 a tsawo da faɗi da tsayi, kafin cikinsa ya ɗauki zafin da ya kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas, wanda shi ne ke kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta. Masu son tsabta sukan kewaye shi, kuma a nan ne zaɓi ke da muhimmanci. Katako yana da kyan gani, amma gara ba ta barinsa ya daɗe. Wayar keji tana barin iska ta yi yawa har takin ya bushe. Bulon siminti da aka jera da 'yan tazara a tsakani ya fi su duka ƙarko, ko da yake ya fi tsada a farko.

Wanda tsakar gidansa daɓen siminti ne, ko yake zaman haya, duron roba mai cin lita 200 ya fi masa. A huda shi a gindi da gefe, a ɗora shi a kan bulo, a ajiye a inuwa. Wajen saye, a tambayi abin da aka taɓa zubawa a ciki, kuma a guji wanda ya ɗauki maganin ƙwari ko baƙin mai, kome arharsa. Na ƙarfe yana tsatsa da wuri. Akwai kuma duro mai hannun juyawa da ake shigowa da shi daga waje, wanda a ganina tsadarsa ta fi amfaninsa, tunda duron da ke da murfi mai kamawa ana iya kwantar da shi a mirgina a ƙasa.

Inda kuɗi ya fi cancantar shiga shi ne kashin dabbobi, domin busasshen ganye da kara da ɓawon gyaɗa ba sa ruɓewa da sauri su kaɗai. Kashin kaji ya fi ƙarfi, yana ɗaga zafin tsibi nan da nan, amma ɗanyensa yana ƙona shuka. Na awaki da tumaki ya fi sauƙin ɗauka, warinsa kaɗan ne. Na shanu yana da sanyi, kuma yakan zo da irin ciyawa. A zazzage buhun a gani kafin a biya, domin wasu rabinsu yashi ne, takin juji kuwa a yau cike yake da leda da fasassun kwalabe da tsofaffin batura.

Kowanne aka zaɓa, kulawar ɗaya ce: kashi biyu zuwa uku na busasshen abu, kashi ɗaya na ɗanye, toka kaɗan, ba nama, ba mai, ba kashin kare ko kyanwa. A damƙi takin a hannu a matse. Idan ya dunƙule kuma ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, danshin ya yi daidai, idan ya warwatse yana son ruwa. A soka sanda a tsakiya, bayan kwana uku a zare a taɓa, ɗuminta zai nuna ko aikin ya kama. A rufe da tsohuwar tabarma ko buhu, a juya duk bayan mako 2 zuwa 3, kuma cikin wata 2 zuwa 3 takin zai yi baƙi, ya yi laushi, ya daina zafi, sannan ne za a kai shi gindin shuka.