Sharhi a kan dig: yadda nake gano sabar da ke riƙe da sunan shafi

Sana'ata haɗa wa ƙananan 'yan kasuwa shafukan intanet, kuma ranar da na fi tsana ita ce ranar sauya wa shafi masauki. Ka canza sabobin suna, wato kwamfutocin da ke faɗa wa intanet inda shafin yake, a wurin wanda ya yi maka rajistar sunan, mai kaya ya bugo waya ya ce shi fa tsohon shafi yake gani, kamfanin masauki kuma ya ce a jira awa 48. Kowa na magana, babu mai hujja. Abin da ya kai ni ga dig ke nan, wata 'yar manhaja da ake rubuta wa umarni don yi wa sabobin suna tambaya.

dig na cikin kayan aikin BIND, manhajar sabar suna da ƙungiyar ISC ke kula da ita, kuma kyauta ce. A macOS tana nan a ciki. A Ubuntu da Debian sai ka saka dnsutils, a Fedora kuma bind-utils. Har a wayar Android tana aiki cikin Termux, manhajar rubuta umarni, abin da ya sha fitar da ni kunya idan ba na kusa da kwamfuta.

Idan ka rubuta dig NS example.com +short, sunayen sabobin da ke kula da wannan adireshi kawai za ta jero maka, ba surutu. Sai dai wannan amsar daga sabar kamfanin layinka ta fito, wadda ƙila tsohon bayani ta ajiye. Don haka nake ƙara alamar @ in zaɓi wanda zan tambaya: @8.8.8.8 na Google, ko @1.1.1.1 na Cloudflare. In amsoshin suka sha bamban, na san sauyin bai gama bazuwa ba.

Inda ta fi burge ni shi ne +trace. Ba ta yarda da jita-jitar kowa, daga tushe take farawa. Ta tambayi ɗaya daga cikin sabobin tushe 13, waɗanda sunayensu suka kama daga a zuwa m, su tura ta wurin masu riƙe da .com, ko .ng da NiRA ke kula da shi, su kuma su faɗi sabar da aka damƙa wa sunan. Tamkar neman gida a tsohon gari ne: mai unguwa ya nuna maka layi, mutanen layi su nuna maka ƙofa. Da wannan na taɓa gano cewa wani kamfanin rajista bai ma tura sauyin da na yi ba, alhali ma'aikacinsu na ta ba ni haƙuri wai in jira. Da na aika masa abin da dig ta fitar, a ranar aka gyara.

Awa 48 ɗin ma ba ƙarya ba ce zalla. Lambar da ke bin bayan suna a kowane layin amsa ita ce TTL, wato daƙiƙoƙin da aka yarda a ajiye bayanin kafin a sake tambaya. Sabobin .com suna ba bayanan NS, wato na sabobin suna, daƙiƙa 172800, kwana biyu cif. To amma wannan iyaka ce, sau da yawa ba a kaiwa can.

Tana da nata aibu. In ba ka sa +short ba, za ta zubo maka rubutu cike da alamomi wanda zai tsorata sabon shiga, kuma ba ta yi maka bayanin komai. Sai da kanka za ka koyi cewa NXDOMAIN na nufin babu sunan, SERVFAIL sabar ce ta gaza, aa kuma shaida ce cewa amsar daga bakin mai ita ta fito. Ba ta duba fayil ɗin /etc/hosts, inda kwamfutarka ke ajiye nata jerin sunaye da adireshi, saboda haka burauza na iya kai ka wani wuri dabam da wanda ta nuna. Wasu hanyoyin sadarwa kuma suna tare tashar 53, wadda tambayoyin suna ke bi, sai +trace ta maƙale a hanya.

Masu Windows su ne abin tausayi, domin sababbin fitowar BIND sun daina zuwa musu. Akwai nslookup -type=NS, tana biyan buƙata in sunayen kawai kake so, amma ba ta bin sawu daga tushe. Yaran da nake koya wa aiki, WSL nake sa su saka, wato Linux a cikin Windows, su yi dig daga can.